Gargaɗi kan masu tallan kafson teku da sunan maganin ciwon daji

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin jama'ar Gusau, Ƙauran Namoda, Talatar Mafara da kewaye game da wasu mutane da ke tallata kafso da garin magani a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, da kuma tarukan da suke kira a ɗakunan taro na otal. Suna cewa an haɗa kayan daga ciyayi da halittun teku, kuma wai suna tayar da wani aiki na jiki da masana ke kira otofaji, wanda a faɗarsu yake cinye ciwon daji, ya kawar da ciwon suga da hawan jini. Wani sanye da farar rigar likita zai sa ka riƙe wani ƙarfe da ke haɗe da kwamfuta, cikin minti biyu ya karanto maka cututtuka jere, sannan ya nuna maka hoton wani Bajapane da ya ci kyautar Nobel. Idan kuɗin ya fi ƙarfinka, sai a ce ka yi rajista ka kawo wasu, za a riƙa ba ka kaso.

Abin da ya sa wannan damfara ta fi ta masu lasifika a kasuwa haɗari shi ne an gina ta a kan gaskiya. Otofaji aiki ne tabbatacce: ƙwayar halitta tana tattara sassanta da suka tsufa ko suka lalace, ta narkar da su, ta sake amfani da kayan, kamar yadda maƙeri ke narka tsohuwar hauya ya ƙera sabuwa. Mutumin da ke cikin hoton, Yoshinori Ohsumi, ya karɓi kyautar Nobel a 2016 saboda gano yadda wannan aiki ke gudana, kuma a kan ƙwayoyin yis ya yi bincikensa. Ba a ba shi kyautar don wani kafso ba.

Haka kuma gaskiya ne cewa an samu magunguna daga teku. Sitarabin, wanda ake yi wa masu dajin jini, tushensa sinadaran wani soson teku ne na yankin Karibiyan, kuma Amurka ta amince da shi a 1969. Tirabektedin ya fito daga wata halitta mai manne wa saiwar itatuwan bakin teku, Turai ta amince da shi a 2007. Amma a dubi tarihin eribulin, maganin dajin mama da ya yaɗu a jiki. Masanan Japan sun bayyana sinadarin asali daga wani soso a 1986, sai aka tarar tan guda na soso ba ya ba da ko giram ɗaya, dole aka koma haɗa makamancinsa a ɗakin bincike ta matakai sama da 60, kuma sai a 2010 aka yarda a yi wa marasa lafiya. Shekara 24 ke nan. Dukkan waɗannan allurai ne masu ƙarfi da ake yi a asibiti bayan an auna jini da nauyin majiyyaci, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka amince da shi saboda yana tayar da otofaji. To yaya za a yi abin da ya ci wa masana wannan wahala ya zo a roba cikin jakar wani, a sha biyu da safe biyu da dare?

Akwai kuma abin da masu tallan ba za su faɗa ba, wataƙila ma ba su sani ba. Otofaji na iya kare lafiyayyar ƙwayar halitta daga lalacewa, amma idan daji ya riga ya kafu, ƙwayoyinsa kan yi amfani da wannan aiki don su jure yunwa da zafin magani. Shi ya sa masu bincike da yawa suke neman hanyar dakatar da shi a jikin mai daji, har ana gwada kulorokwin, wanda muka sani da maganin zazzaɓin sauro, da ɗan'uwansa tare da allurar daji saboda suna toshe shi. Manzamin, wani sinadarin soso na tekun Okinawa, shi ma toshe otofaji aka ga yana yi a ƙwayoyin dajin pankiriyas (gaɓar ciki mai daidaita sugan jini) da aka rena a ɗakin gwaji. Fukoidan da fukozantin na ciyawar teku, waɗanda ake yawan bugawa a jikin robobin, mafi yawan sakamakonsu daga ɗakin gwaji da ɓeraye ne, ba su zama maganin daji ba.

Na ga ƙarshen wannan ciniki da idona. Wata baiwar Allah a danginmu ta ji ƙullutu a mama, likita ya ce a ciro ɗan nama a auna, ta ji tsoron wuƙa, sai wata maƙwabciya ta kawo mata kafson. Da wurin ya kumbura ya fara ruwa, mai sayarwa ya aiko da saƙon murya yana cewa: "Hajiya, ki yi haƙuri, dattin ne yake fita, ki ƙara roba biyu." Ta sayar da tumakinta ta ƙara. Ranar da muka kai ta asibiti tana riƙe da hannunta da ya kumbura har yatsu, likitan ya jujjuya robar, babu sunan kamfani, babu adireshi, ya ce da a lokacin farko ta zo, da aiki ya wadatar. Kuɗin da suka tafi ba su dame mu kamar watannin da aka ɓata ba.

Ko ga mai lafiya kayan ba su da tabbas. Ciyawar teku tana ɗauke da aidin mai yawa wanda ke iya rikita mai maƙoƙo, wasu nau'o'inta suna tara gubar asenik, fukoidan kuma yana iya tsinka jini, abin da ke da haɗari ga mai shan maganin tsinka jini ko wanda za a yi wa aiki. Mu a Zamfara bai kamata a yi mana dogon bayani kan ƙarfe mai guba ba, bayan gubar dalma da ta bayyana a 2010 ta hallaka ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum. Wanda ya ajiye maganinsa na suga ko hawan jini ya koma kan wannan kafso yana jefa ƙodarsa da idanunsa cikin haɗari.

Kada lambar NAFDAC ta ruɗe ku. Ana buga ta jabu, kuma ko ta gaskiya ce, rajistar da ake yi wa kayan ganye da na ƙarin gina jiki ba shaida ba ce cewa suna warkar da daji. A karanta ƙananan rubutun jikin robar, sau da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Dokar abinci da magunguna ta ƙasar nan ma ta hana tallata wani abu ga jama'a a matsayin maganin daji ko suga.

Ina roƙon malamanmu da masu unguwanni kada su ba waɗannan mutane fili, 'yan'uwa mata kuma ku daina tura saƙonninsu a zaurukan biki da na islamiyya. Duk wanda ya ji ƙullutu, ko ya ga jini ko ramar da ba a san dalilinta ba, ya nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, idan ta kama su tura shi Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wanda kuma ya riga ya saya, ya dakata da sha, ya tafi da robar wurin likita, ya adana shaidar tura kuɗi da saƙonnin murya, ya kai ƙara ofishin NAFDAC.