Yaya, Dakata da Sayen Kujerun Nan Tukuna

Yaya, ina gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na ga hotunan falon da kika turo, na kuma ji tambayarki kan kayan ɗakin da za a yi yayi a 2026, tun da kina shirin sayen sababbin kujeru. Ban amsa da wuri ba ne don na fi son in zaga shagunan kayan ɗaki na nan Frankfurt da ƙafata, kada in kawo miki labarin abin da na gani a waya kawai.

Toka-toka dai ta gama zamaninta. Lokacin da na zo Jamus, kujera toka, labule toka, kafet toka, kamar an hana mutane wani launi. Kamfanin Pantone na Amurka, wanda yake zaɓen launin shekara tun 2000, ya sa toka cikin launuka biyun da ya zaɓa wa 2021. A 2025 ya koma ruwan ƙasa mai laushi da ya kira Mocha Mousse, na 2026 kuwa fari ne, Cloud Dancer. Kada farin nan ya ruɗe ki. A shago, bango ne kawai yake fari ko ruwan madara. Abin da ke gabansa ruwan ƙasa ne, da kore mai duhu, da ja irin na jan bulo. Katako ma mai duhu ya dawo bayan shekarun da aka yi ana yayin mai haske. Kujeru sun rage kusurwa, bayansu a lanƙwashe, tebura kuma zagayayyu. Yadin nan mai kama da gashin ɗan rago da ya cika ko'ina, ni dai ban ba ki shawararsa ba; kyau a hoto, amma yaro ɗaya da hannun maiƙo ya ishe shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bambancin masu yin kayan, domin fasalin duk ɗaya suke kwaikwayo. Italiya ce ke fara kiɗan. A watan Afrilun kowace shekara ana baje kolin Salone del Mobile a Milan, wanda aka fara tun 1961, kuma abin da aka nuna can shi za ki gani a ƙananan shaguna bayan shekara ɗaya ko biyu. Kayansu ba a magana, katako na gaske, ɗinki ba kuskure, sai dai idan kin yi oda ki shirya jiran makonni, don galibi sai an saya ake haɗawa. IKEA ta Suwidin akasin haka ce: yau ki biya, yau ki ɗauki kwalinki, ki zo gida ki ɗaure da kanki. Yawancin kabad ɗinsu garin katako ne da aka matse aka lulluɓe, shi ya sa suke da sauƙin kuɗi, shi ya sa kuma ba sa son ruwa, ba sa son a kwance a sake ɗaurawa sau uku. Turkiyya na tsakiya. Garin Inegol da ke kusa da Bursa ya shahara da kafintoci, su kuma saiti suke sayarwa, kujeru da tebur da madubi duk iri ɗaya. To, irin saitin nan ne yayinsa yake wucewa yanzu. Masu adon gida a nan sun fi son kujera ɗaya ta bambanta da 'yar'uwarta, sabo ya zauna kusa da tsoho.

Maganar tsoho kuwa, Yaya, sai kin gani. Bajamushe mai kuɗinsa zai shiga Kleinanzeigen, shafin intanet da mutane ke sayar da kayan da suka yi amfani da su, ya nemi teburin da aka yi a shekarun 1960, ya goge, ya shafa mai, ya ajiye a tsakar falo yana alfahari. Nawa teburin cin abincin ma haka na samu, kuma ya fi duk sababbin kayana ƙwari.

Ta fuskar hidima, doka ce ke riƙe da mai saye. A ƙasashen Tarayyar Turai sabon kaya yana da garantin shekara 2, abin da kika saya ta intanet kuma kina da kwana 14 ki mayar ba tare da bayar da dalili ba. Amma aikin hannu tsada gare shi, kuma komai da kuɗinsa daban. Na taɓa odar sif daga wani shago ban karanta ƙananan rubutun rasit ba, ashe kawowar iyakarta bakin titi. Direba ya sauke kwali shida ya ja motarsa, ni kuma ina hawa na uku, ba lif. Sai da maƙwabcina ya kama mini. Gidan haya ma a nan sau da yawa ba kicin a cikinsa, bango ne da bakin famfo, ke za ki sayo kabad da murhu ki nemi mai kafawa, idan kin tashi ki kwance abinki.

Da ni ce ke, ba zan canza kujerun ba. Na duba hoton da kyau, ƙafafunsu katako ne mai kauri, soso da yadi kawai suke nema. Ki sa a yi musu sabuwar riga ruwan ƙasa, ki sauke labulen nan mai ƙyalli, ki kuma rage dogaro da fitilar tsakiyar silin. Abin da ake yi yanzu ƙananan fitilu ne biyu ko uku a kusurwa, masu ƙwai mai ɗumin haske. Ki duba kwalin ƙwan, ki ɗauki mai lamba 2700K. Mai 6500K fari ne fat, zai mayar miki da ruwan ƙasar kamar toka.

A watan Janairu za a yi baje kolin yadudduka na Heimtextil a nan Frankfurt, shaguna kan fito da sababbin labule bayansa. Ki auna mini faɗi da tsawon tagogin falon da santimita, kada ki ƙiyasta da ido kamar wancan karon.