Dattijon Agege da ya ta da agogon mahaifina

Agogon marigayi mahaifina ne, ƙirar Europa ta Jamus, irin mai naɗewa cikin ɗan akwatin jar fata. In ka buɗe, murfin ne ke zama masa ƙafa. Da shi yake tashi sallar Asuba zamanin da yake fataucin goro daga Agege zuwa Kano a jirgin ƙasa, tun yana ce wa garin nan Ikko. Shekara tara yana kwance a durowa, danshin Legas kuwa ba ya raga wa ƙarfe.

Masu gyara biyu na fara kai wa, bakinsu ɗaya: a kwashe kayan cikin a sa injin batir. Na ƙi. Na ukun wani dattijo ne mai ɗan teburi a wani lungu na Agege. Ya maƙala gilashi a ido, ya buɗe bayan agogon, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, lafiyarsa ƙalau. Tsatsa ce da busasshen mai."

"To Baba, zai tashi?"

"Da yardar Allah."

Ya nuna mini wani ɗan wili mai kai-komo, haɗe da sifirin siriri kamar gashi. A nan dabarar take. Agogon bango na da da ƙarfe mai lilo yake lissafi, da an girgiza shi ya rikice. Wannan wilin kuwa ko a karkace yake, ko jirgi na jijjiga, bugunsa yake yi. Irinsa ne a cikin agogunan tafiya na tagulla masu bangon gilashi da mariƙi a sama, waɗanda maƙerin agogo Breguet ya yi suna da su a Paris, har Janar Napoleon na Faransa ya sayi ɗaya a 1798 kafin ya tafi yaƙin Masar. Na mahaifina jikansu ne, na talaka, wanda ke shiga aljihun babbar riga.

Naira 6,000 ya karɓa, ban nemi ragi ba. Inda na ji ba daɗi alkawari ne: mako ɗaya ya ce, sai da na yi sawu uku cikin mako uku, maɓallin akwatin ma bai gyara ba. Amma aikin ciki ya yi shi da amana. Ya kuma hana ni kankare koren fentin da ke haske da dare, don tsofaffin agoguna da sinadarin radiyom ake shafa musu, yana da illa.

Makullai biyu ne a baya, ɗaya na lokaci, ɗaya na ƙararrawa. Kullum bayan Isha nake masa wani. Yana gaba da minti biyu a rana, Baba ya ce in kawo ya daidaita, ban kai ba tukuna. Ranar da ya fara kaɗawa, Hajiyarmu na ɗakinta ta ɗaga murya tana tambayar wa ya taɓa agogon Alhaji.