Kafin Ka Biya Kuɗin Bas Ta Hannu: Inji Da Esi

Bas ta hannu fenti ne ke sayar da ita, amma inji da esi (na'urar sanyaya iska) ne za su gaya maka ko an yi ciniki ko an yi asara. Tun daga farko zan faɗi zaɓina: Toyota HiAce mai injin fetur 2TR-FE, lita 2.7, wanda ke zuwa a samfurin da aka fara ƙerawa a 2004. Injin ba ya da turbo, ba ya da nozul masu tsada irin na dizal ɗin zamani, kuma tayimin ɗinsa sarƙa ce, ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewa a tsakiyar hanya. Yana shan mai fiye da na dizal, ban musa ba, musamman idan an cika kujeru an kunna esi. Amma inji ne mai haƙuri, kusan kowane bakanike ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma ba sai an sha wahalar nema ba.

'Yan uwansa na dizal, 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0, sun fi ƙarfin ja da tsimin mai. Sai dai ba sa yafe gurɓataccen mai, idan nozul suka lalace aka ci gaba da tuƙi har fistin suna iya fasawa, sannan ga bel ɗin tayimin da dole a canza a kan lokaci. Tsohon 5L na da juriya, amma a hawa sai ka yi haƙuri da shi. Nissan Urvan mai ZD30 ban shawarci kowa ba. Mercedes Sprinter da Ford Transit suna da daɗin tuƙi, sai ranar gyara.

Kada ka yarda da bakin dillali a kan irin injin. A wannan HiAce injin yana ƙarƙashin kujerar gaba, ɗaga ta ka gani da idonka. Duba farantin bayanan motar: lambar da ta fara da TRH ta fetur ce, KDH ta dizal ce. Sannan ka gwada da lambar da aka buga a jikin injin da kuma takardu. Idan suka saɓa, an sauya inji, sai a yi maka bayani.

Ka je da sassafe, ka sa hannu a jikin injin kafin a tayar. Idan da ɗumi, an riga ka, domin ƙarar sarƙa da wuyar tashi da hayaƙi duk a sanyi suke bayyana. Shuɗin hayaƙi na nufin yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga farin kitse a bayansa, mai yiwuwa gaskit ya ƙone. Injin da aka wanke fes har yana ƙyalli, yoyo ake ɓoyewa. Akwai masu zuba mai kauri don ƙarar ta kwanta, akwai masu cire tamostat don kada allurar zafi ta hau, akwai masu cire ƙwan fitilar gargaɗi gaba ɗaya. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilar inji da ta baƙin mai dole su kama, su mutu bayan tashi. Mitar kilomita kuwa ana mayar da ita baya, gara ka dubi cinyewar sitiyari da robar fedar birki.

Esi shi ne ya taɓa ƙona ni. An sayar mini da bas tana sanyi kamar firji, ashe da safiyar nan aka ɗura mata gas, ba a jima ba ya tsiyaye ta bututun baya. Bas mai esi biyu tana da dogayen bututu da ke bi ta ƙarƙashi zuwa na'urar baya, a nan tsatsa da duwatsu suke yin ɓarna. Ka kwanta ka haska mahaɗarsu da tocila, duk inda ka ga maiƙo ya kama ƙura, gas na fita. Ramukan iska a rufi ma ba hujja ba ne, wasu fanka ce kawai ke hurawa.

Kunna na gaba da na baya tare, ka ji kwamfireso ya kama da ƙas, ka bar motar a tsaye tsawon minti 20 kana kallon allurar zafi. In ta fara hawa, lagireto ko fanka na da matsala. Kwamfireson da ke kamawa yana saki kowane ɗan daƙiƙoƙi alamar gas ya yi ƙasa ne, wanda kuma aka ja masa waya kai tsaye daga batir an tsallake masa kariya.

Motocin wannan samfuri gas ɗin R134a suke amfani da shi, yana rubuce a sitika kusa da injin. Jabun gas ya yi yawa, wani an gauraya shi da mai kama wuta, wani yana cin kwamfireso daga ciki. Ka tambayi abin da aka zuba da wanda ya zuba, kuma ka nemi mai gyaran esi naka ya ɗora geji a kai kafin kuɗi su bar hannunka.