Na'urar Zuƙe Baƙin Mai: Wata Takwas Ina Juye a Gida

Abin da ya sa na saye ta takaici ne. A wani gareji yaron makanike ya ɗaure notin ƙasan injin Mercedes C240 ɗina, wanda ake kwancewa a juye baƙin mai, da ƙarfin tsiya har zaren ya cinye, mota ta yi ta ɗigar da mai a ƙofar gida sati biyu. Daga nan na ce ba wanda zai sake taɓa notin nan.

Tawa ta hannu ce, irin mai famfo kamar na bugun iskar keke, tana cin lita 6.5, ta zo da tiyo sirara guda uku. Aikinta ba wuya. Ka tayar da mota minti biyar zuwa goma mai ya ɗumama ya yi ruwa-ruwa, ka kashe, ka zura tiyon ta bututun sandar awon mai har ka ji ya taɓa ƙasa, sai ka buga famfo kamar sau goma sha biyar. Da kansa man zai riƙa hawowa. Idan ka ji ta fara ƙarar zuƙar iska, ka ɗan motsa tiyon don ya kwashe ragowar. Kada ka gwada da sanyin injin, musamman da hunturu, sai ka yini a wurin. Kada kuma injin ya yi zafi ƙwarai, don tiyon roba ne, yana laushi.

Makaniken da nake zuwa wurinsa yanzu ya ce min, “Alhaji, dattin ai a ƙasa yake kwanciya, wannan abin ba zai kwaso shi ba.” Maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa a juye na farko, bayan na gama zuƙa, muka kwance notin da aka gyara don mu gani. Abin da ya fito bai cika kofin shayi ba. Hankalina ya kwanta.

Inda ta ba ni haushi shi ne girma. Injin motata lita 8 yake sha, dole in tsaya a tsakiya in juye a galan sannan in ci gaba. Da na sani da mai lita 9 na nema. Murfinta ma sai ka danna sosai, in ba haka ba iska na shiga, zuƙar ta mutu.

Ta dace da ni ne saboda filtar man Mercedes ɗina a sama take, da ka buɗe bonet ga ta nan, ba jak ba rami ba kwanciya a ƙasa. Corollar uwargida kuwa filtarta a ƙasa take, ko na zuƙe man sai an shiga ƙarƙashi, don haka ita har yanzu gareji nake kai ta. Duba inda filtarka take kafin ka fitar da kuɗinka.

Tsohon man kuma ba na zubawa a kwata, galan nake cikawa in kai wa makanike.