Allo da boko: yadda kowanne ke kallon yaro

Ni na yi duka biyun, allo a wani zaure a cikin birnin Zazzau, boko kuma a firamare a Tudun Wada, shi ya sa in ana gardamar wanne ya fi tsakaninsu nake sa baki. A allo ba aji ba jarabawar ƙarshen zango, kowa da inda yake, wani yana Ƙul'a'uzu wani ya kai Sabbi, malam ba zai bari ka wanke allonka ba sai ka biya masa ya ji ka iya da bakinka, ko da sati biyu za ka yi a kai. Har yau ina jin ƙanshin tawadar zuge a hannuna wallahi. Wannan bin yaro da gwargwadon kansa shi ne abin da boko ya rasa.

Boko kuwa agogo ne da ƙararrawa da manhaja. Tun da Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, manufar Turawa ita ce samun ma'aikatan En'e, Kwalejin Katsina ta 1921 kuma malamai aka kafa ta ta horar, ita ce ta dawo Zariya a 1949, daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Sai UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ta buɗe ƙofa ga ɗan talaka, amma ajujuwa suka cika, a namu ajin malama ba ta ma san sunan wasunmu ba. Duk da haka can na koyi lissafi, takardar neman aiki ma can ake samunta. Abin da ke min ciwo a ɓangaren allo shi ne baran da ya maƙale masa, yaro ɗan shekara bakwai da roba a bakin Kofar Doka da daddare.