Sharhi: kamfanin da ya kai mu tsaunukan Bale, ɗan jagora ya cika amma direba ya ɓata min rai

Masu tambayata ko ya dace mutum ya biya kamfanin yawon buɗe ido ya kai shi tsaunukan Bale a Habasha, amsata ita ce eh ya dace, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ƙaramin kamfani ne a Adis Ababa irin masu haɗa maka mota da direba da masauki a kuɗi ɗaya, ɗan jagora kuma a garin Dinsho ake ɗauka inda hedkwatar gandun dajin Bale take.

Ta fannin tsari ba ni da ƙorafi. Sun zo kan lokaci, motar lafiyayya ce, tafiyar kusan kilomita 400 ce daga Adis kuma an tsaya mana sallah ba sai mun roƙa ba. Yawancin mutanen yankin Oromo ne Musulmi saboda haka abinci bai zama matsala ba. Masaukin dai matsakaici ne, ruwan zafi wata rana akwai wata rana babu, kuma a sanyin can wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan jagoran shi ne kuɗina ya fita a kansa wallahi. Ɗan yankin ne, ya yi kiwo yana yaro, kuma tun a Dinsho da muka ga nyala, wasu manyan dabbobi dangin barewa, suna kiwo kusa da mu na gane mutumin ya san aikinsa, amma sai da muka hau filin Sanetti ta hanyar Goba na san wa na samu. Wurin ya haura mita 4,000, ƙololuwar Tullu Dimtu mita 4,377 ce, numfashi da ƙyar, da sassafe ƙasa duk ta daskare ta yi fari. Kowa a motar kyarkecin Habasha ya zo gani, shi kuwa sai ya tsayar da mu a bakin wani ɗan tafki ya ce mu fara taka ƙasar nan tukuna. Ka taka sai ka ji ta lotsa ruwa ya fito ta gefen takalmi. Ya ce wannan baƙar ƙasar da ciyawar da ke kanta su ke shanye ruwan damina su riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har cikin rani, daga nan rafuka ke sauka su zama Web da Welmel da Genale da Wabe Shebelle, su wuce har Somaliya, ana ƙiyasta mutum wajen miliyan 12 na dogara da ruwan da ke fitowa daga tsaunukan nan. Sai na tuna farin da aka yi daga 2020 zuwa 2023, damina biyar a jere ba ruwan kirki a Somaliya da kudancin Habasha da arewacin Kenya, dabbobi suka yi ta mutuwa, gaskiya jikina ya yi sanyi ina tsaye a kan inda ruwan mutanen nan yake farawa.

A bakin tafkunan ya nuna mana agwagwar daji mai shuɗin fiffike wadda Habasha ce gidanta, da wani dogon tsuntsu dangin gauraka, ga itatuwan lobeliya tsaye ɗaiɗai sun fi mutum tsawo. Ya nuna mana ramukan wani ƙaton ɓera mai babban kai da babu shi ko'ina a duniya sai Bale, shi ne babban abincin kyarkecin, har ya ce an gano mutanen da suka zauna a kogon Fincha Habera sama da shekara 30,000 da suka wuce su ma ɓeran suke farauta. Kyarkecin mun gan shi, ja ne mai dogayen ƙafafu da dogon baki, yana laɓe yana jiran ɓera ya leƙo. Kusan 500 kawai suka rage a duniya kuma fiye da rabinsu a Bale suke. Abin da ke kashe su ciwon haukan kare ne da suke ɗauka daga karnukan makiyaya, an yi annobarsa a 2003 da 2008 da 2014, shi ya sa masu aikin ceto kyarketan ke bi ƙauye ƙauye suna yi wa karnuka allurar rigakafi.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona bai zagi makiyaya ba. Na ce masa, Malam, to ba shanun nan ne ke tattake dausayin ba? Ya ce su ne ɗan'uwa, amma tun kaka da kakanni mutanensu na hawo da dabbobi wani lokaci na shekara su sha ruwan hora, wasu idanun ruwa ne masu gishiri da ke yi wa shanu aikin da kanwa ke yi a wajenmu, sai su sauka. Yanzu gonakin alkama da sha'ir sun cinye makiyaya a ƙasa, mutane sun ƙaru, sai aka koma zama a sama shekara duka, kofato na daddaɓe ƙasar ta yi tauri ruwa ya daina shiga sai dai ya kwarara ya zaizaye ta, ga ƙona itatuwan erika don sabuwar ciyawa ta fito, ga damina da ta daina zuwa a lokacinta.

To ga inda raina ya ɓaci. Da muka hango kyarkeci can nesa, wasu a motar suka ce a matsa su ɗauki hoto, direba kawai ya sauka daga kan titi ya kutsa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan da aka gama mana bayaninta, tayoyi suka yanka ta suka bar kwari biyu ruwa na bi ta ciki, kuma a wannan sanyin ciyawa ba ta saurin tsirowa. Ɗan jagoran ya yi magana, ni ma na ce direba don Allah ka koma kan hanya, ya ce baƙi ne suka biya kuɗi. Ya kuma watsar da robobin ruwa a inda muka ci abinci, mu muka tsince. Na rubuta wa kamfanin bayan mun dawo, suka ba da haƙuri a layi ɗaya shikenan. Wurin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2023, kamfanin da ke cin abinci da shi bai koya wa direbansa inda ba a taka wa da mota ba, wannan bai yi ba sam.

Ɗan jagora tauraro biyar, kamfani uku. In za ku je, ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu lokacin rani, ku tafi da rigar sanyi mai kauri da safar hannu da takalmin da ruwa ba ya shiga, ku kwana a Dinsho ko Goba kafin ku hau sama jiki ya saba. Kafin ku biya ko sisi ku sa kamfanin ya rubuta muku cewa motarsu ba ta barin titi a Sanetti, kuma ihsanin ɗan jagora ku damƙa masa a hannunsa.