Kejin raga mai naɗewa: ya yi wa mai zanen malam-buɗe-littafi, amma sai da gyara

Kejin nan na raga da ake naɗewa kamar kwandon wanki, wanda ake oda ta intanet, na yi aiki da shi damina guda da hunturu guda a Samaru. Tsayinsa santimita 60, faɗinsa 40. Gefe uku farar raga ce, ɗaya da ƙofar zif, na huɗun kuma leda ce garai-garai. Ga matashin da ke kiwon malam-buɗe-littafi don ya zana shi, kejin ya ci kuɗinsa. Amma kada a zuba masa tsutsa yadda ya zo daga kwali.

Abin da ya fi kwalba da shi iska ce. A watan Agusta kwalba kan yi gumi, kashin tsutsa ya yi fumfuna, kwana biyu ka tarar tsutsar ta yi baƙi ta narke. A raga ban ga haka ba, matuƙar ana shimfiɗa jarida a ƙasa ana canza ta kullum. Kada tsutsa ta wuce takwas, domin a kwanakinta na ƙarshe cin ganye take ba ji ba gani.

Malam-buɗe-littafi iri biyu na gwada. Na tumfafiya shi ne mafi sauƙi a Zariya, tunda ba kangon da babu ita, kuma ko da rani ba ta rasa ganye. Ƙwan ɗaiɗai ne a bayan ganye, ya ƙyanƙyashe cikin kwana uku zuwa biyar. Tsutsar mai zane-zanen baƙi da fari da rawaya ta yi wajen mako biyu tana ci, sannan ta hau rufi ta rataye kai ƙasa, ta zama ƙunshi kore ko ruwan hoda mai ɗigon zinariya. Rufin ragar na riƙe zarenta da kyau. A kiyaye nonon tumfafiya, yana yi wa ido illa sosai; a wanke hannu da sabulu bayan an yanko reshe.

Na lemun tsami kuwa, ƙaramar tsutsarsa sak kashin tsuntsu, sai ta girma ta koma kore. In aka taɓa ta takan fito da wasu ƙahoni biyu masu wari. Ita ba ta ratayewa, jingina take da reshe ta ɗaura ɗamarar zare, don haka a jingina mata busassun tsinke biyu ko uku. Ganyen dashen da aka sayo wurin masu sayar da shuka kada a ba ta, galibi an yi masa feshi.

Reshen a tsoma shi a ƙaramar kwalbar ruwa, a toshe bakin da auduga. In ba a toshe ba tsutsa na bin reshen ta nutse.

Yanzu ga aibin kejin. Zif ɗin ya kai har rufi, tsutsa kuma kamar da gayya, can take zuwa ta rataye. Ka ja zif, ka tsinke ta. Maganinsa a manna salatif ta ciki a kan kwanar sama, a riƙa buɗe rabin ƙasa kawai. Wadda ta riga ta faɗo, in ba ta fashe ba, a ɗaura zaren ɗinki a ɗan baƙin tsinin wutsiyarta a sake rataye ta. Na biyu, inda zif ya ƙare akwai 'yar kafa da kiyashi ke shiga, kuma dare ɗaya ya ishe su. A cusa auduga a wurin, a ɗora kejin kan tebur, ƙafafun teburin cikin gwangwanin ruwa. Ledar ma tana tara zafi in rana ta doke ta. Inuwar baranda ce wurinsa.

Wani abu da ba laifin kejin ba: tsutsar da aka ɗauko babba daga waje sau da yawa ƙuda ya riga ya yi mata ƙwai, sai ka ga farar tsutsa ta fito daga ƙunshin. Gara a ɗauko ƙwai.

Wajen zane, ta raga ba a ganin komai daidai, ledar kuma na saurin karcewa, sai a goge ta da jiƙaƙƙen ƙyalle mai laushi. Lokacin da ya fi shi ne safiyar da malam-buɗe-littafin ya fito, bayan kwana tara zuwa goma sha biyar a ƙunshi. Zai rataye awa biyu ko uku yana shanya fikafikai, ba ya tashi, ana iya buɗe ƙofa a zauna da fensir HB. A fara da jijiyoyin fiffike, kala daga baya. Na tumfafiya na wajenmu fikafikansa na baya farare ne, saɓanin hotunan Indiya da ke intanet masu ruwan lemu gaba ɗaya. Namiji ɗigo huɗu baƙaƙe gare shi a tsakiyar fiffiken baya, mace uku. Fararen ɗigon bakin fiffike a bar takarda ta ba da su, farin fentin ruwa dishi-dishi yake fitowa. Takarda mai nauyin giram 300 a murabba'in mita ita ce ba ta lanƙwashewa.

Da hunturu fenti na bushewa kafin a haɗa kala biyu, ƙunshin ma haka: in ba a fesa wa ragar ruwa kaɗan safe da yamma ba, wasu kan fito da fiffike a cukurkuɗe. A saki malam-buɗe-littafin da hantsi a ranar ko washegari. Tsakanin zubi da zubi a jiƙa kejin a bilic, kashi ɗaya na bilic cikin goma na ruwa, a ɗauraye sosai a shanya.